Madan Hansai da Littafin Ɗan Akuya

Hansai 'yar Matamai ce, can ƙasar Damagaram, kuma aure ne ya kai ta Arlit. Mijinta Ɗalhatu ya samu aikin gyaran famfuna a ramin uraniyom na Akokan, ya aiko a kawo masa ita. Kwana biyu suka yi a hanya. Da ta sauka daga mota ta duba gabas da yamma ba ta ga gona ko ɗaya ba, sai tulin ƙasar da aka tono daga ramuka jibge a bayan gari kamar duwatsu. Ta ce a ranta ba za ta shekara a nan ba. Bana shekararta goma sha tara a garin.

Da aka nemi malaman kwantaragi ta ba da sunanta, aka tura ta wata lakwal, wato makarantar boko, a unguwar Bukoki, aka damƙa mata 'yan aji biyu. Tun daga lokacin ajin da take koyarwa ke nan, kuma bai taɓa kasa yara saba'in ba. Akwai 'ya'yan Abzinawa da na Fulani da Barebari, akwai 'yan Maraɗi da Tawa, har da 'ya'yan 'yan kasuwar Kano da Sakkwato. Wasu suna zuwa ba Faransanci, Hausar ma sai kame-kame. Shekarunta na farko da tsawa da bulala ta riƙe su. Takan rubuta baƙi a allo, su yi ta maimaitawa da ƙarfi ba su san abin da suke faɗa ba, kafin azahar muryarta ta dishe.

Wani horo na mako guda a Agadas ne ya sauya mata aikin. A can wata tsohuwar malama ta nuna musu yadda ake karanta wa yara littafin hotuna. Ta ce a riƙe shi a gefen fuska, hoton yana kallon yara. Ta ce kada a yi gaggawar juya shafi, a fara tambayarsu abin da suka gani kafin a gaya musu abin da aka rubuta. Aka ba kowace lakwal manyan littattafai huɗu. Hansai ta ɗinka wa nasu riguna da ƙyallen atamfa, tana ajiye su a gida, domin ƙofar ajinta ba ta da makulli. Kullum idan an dawo daga shan iska na ƙarfe goma sai ta fito da ɗaya daga jaka, ta karanta layin Faransancin, ta maimaita da Hausa, yaran su ƙarasa da harsunansu. Uku takan juya musu tun daga farkon shekara har su haddace. Na huɗun, labarin wani ɗan akuya, takan ɓoye shi sai watan zafi, lokacin da yara ke gyangyaɗi a kan benci.

Da aka rufe ramin Akokan, Ɗalhatu ya zauna shekara ɗaya da rabi ba aiki. Daga baya abokansa suka ja shi Tchibarakaten, can cikin hamada inda ake haƙar zinariya, domin injinan da ke tura iska cikin rijiyoyin kullum suna neman mai gyara. Yakan yi wata uku ko huɗu kafin ya leƙo gida. Ba shi kaɗai ba ne. Hansai ta taɓa tambayar ajinta wa ke da uba ko wa a wurin zinariya, hannu ashirin da shida ya tashi.

Wata Talata a ƙarshen watan Afrilu, yara suna tsakar gida suna wasa, sai shugaban lakwal ɗin, Mushe Alkassoum, ya yafito ta zuwa gindin bishiyar bedi. Dattijo ne Ba'abzine mai maganar sanyi, amma ran nan ya ja rawaninsa ƙasa yana share gumi, wayarsa a hannu.

"Madan, saƙo ya shigo daga Tchibarakaten," ya ce. "Rijiya ta rufta tun da asuba, ta ja ta kusa da ita. Mutanen Arlit ne a ciki, an ce yawancinsu 'yan unguwar nan."

"Su wa da wa?"

"Ba a faɗi suna ba tukuna. Mata sun fara taruwa a tasha, wajen Alhajin da ke da wayar da ke kama can. Manyan azuzuwa sun riga sun ji ƙishin-ƙishin, na sa a ba su aiki a allo. Naki ne nake tsoro. In na sake su yanzu, a bakin titi za su ji, kuma kowa da sunan da zai faɗa. Ki riƙe mini su har in zo da kaina."

Hansai ta ce to. Ya tambaya ko maigidanta yana can. Ta ce yana can.

"In ba za ki iya ba, in zauna da su ni."

"Ba su saba da kai ba, Mushe, za su gane akwai wani abu. Zan iya."

Kafin a buga ƙarfen komawa aji ta gwada lambar Ɗalhatu sau ɗaya. Ba ta shiga ba, amma da ma ba ta shiga sai ya je rumfar da ke da intanet. Ta kashe ƙarar wayar, ta jefa ta a jaka, ta rataye jakar a ƙusa kusa da allo.

Littafi ɗaya ta kawo ran nan, na huɗun, domin tun makon jiya ta yi musu alkawarinsa. Shafi goma sha biyu ne, kuma in ta karanta shi yadda ta saba, minti ashirin ya ishe ta. Agogon hannunta ya nuna goma da rabi. Ana tashi sha biyu da rabi.

Yara saba'in da huɗu suka shigo suna ture-ture, da suka ga sabuwar rigar littafi sai suka yi tsit. 'Yan gaba suka sauko ƙasa suka naɗe ƙafa, na baya suka hau kan benci. Hansai ta ɗaga littafin gefen fuskarta ta buɗe shafin farko: tsakar gida, uwar akuya da 'ya'yanta uku, ɗaya mai baƙin kunne yana leƙen ƙofa. Tana cikin karanta layin farko sai ta tuna abin da ke shafi na tara. A shafi na tara ɗan akuyan yana faɗawa tsohuwar rijiya a bayan kasuwa. Ba ta da wani littafin, kuma ta riga ta buɗe wannan.

"Me kuka gani?" ta tambaya.

Suka ce akuya. Ta ce nawa. Suka ƙirga da Faransanci, ta sa suka sake da Hausa, ta ce Abzinawa su ƙirga da harshensu na Tamajak, sannan Fulani. Ta tambayi launin ƙofar. Ta tambayi mai takalmin da ke bakin ɗaki, mace ce ko namiji, kuma ta yaya suka sani. Akwai tukunya a kan murhu a gefen hoton, ta ce me ake dafawa a ciki. Nan gardama ta tashi, 'yan Maraɗi suka ce tuwo, wata 'yar Kano mai suna Ni'imatullahi ta ce tukunyar ta yi ƙarama, sai dai miya. Hansai ta bar su suka yi ta yi. Da ta juya zuwa shafi na biyu, minti goma sha biyu sun tafi.

A shafi na biyu ɗan akuyan ya fita yana bin amalanken harawa. A na uku ya tsallaka titi. A na huɗu ya shiga kasuwa, kuma kasuwar ta taimake ta, domin mai zanen ya cika ta da mutane. Ta sa suka ba kowane mai rumfa suna. Ta sa Ni'imatullahi ta tashi ta kwaikwayi mai tallan albasa, ajin ya fashe da dariya, ita ma ta buɗe baki kamar mai dariyar.

A lokacin ne jakar ta fara kaɗawa a jikin bango. Ƙarar ba ta da yawa, amma ƙusar tana kusa da allo, allon yana amsawa.

"Madan, wayarki," in ji wani daga baya.

"Na ji. Me ke cikin kwandon matar nan mai jan kallabi?"

Wayar ta tsaya, ta sake farawa. Hansai ta gyara tsayuwa ta ba jakar baya.

A sahun gaba akwai Dassin, 'yar shekara takwas, siririya mai ƙananan kitso. Bara ta zo daga daji ba ta jin Hausa ko kalma ɗaya, yanzu kuwa ba ta bari kowa ya riga ta magana, ko da yake har yau "ya" take ce wa mace da namiji. Ta miƙa yatsa.

"Madan, ƙadangare ya biyo shi."

"Wane ƙadangare?"

"Ga shi a kan buhu. Ɗazu yana kan katanga."

Shekara shida Hansai tana karanta littafin nan ba ta taɓa ganin ƙadangaren ba. Ta koma shafin farko, ga shi kuwa a kan katanga, ɗan mitsitsi. Ta ce kowa ya nemo shi a shafi na biyu, wanda ya gani kada ya faɗa, ya ɗaga hannu kawai har sai kowa ya gani. Ta bi sahu-sahu da littafin a buɗe, har can baya. Ƙadangaren nan ya ci mata kwatan awa guda.

Sha ɗaya da 'yan mintoci aka fara jin hayaniya daga wajen ƙofar lakwal. Muryoyin mata ne, da babur da ya tsaya bai kashe inji ba. Can nesa, ta wajen tasha, wata murya ta tashi sama ta tsinke. Wata yarinya mai suna Tata da ke zaune kusa da taga ta miƙe.

"Madan, ga innata can a ƙofa."

"Ta zo wajen Mushe ne. Tura mana tagar, rana tana haske hoton."

Tata ta tura tagar ƙarfen, ajin ya yi duhu-duhu, zafi ya ƙaru. Gumi yana gangarowa ta bayan wuyan Hansai. Ta matso bakin ƙofa inda haske yake, wanda kuma ya sa jikinta ya tare musu ganin waje. Shafi na biyar, ɗan akuyan ya saci latas. Na shida, mai latas ya biyo shi da sanda. Na bakwai, ya kutsa ƙarƙashin raƙumi. Tambayoyinta suka fara ƙarewa, yaran kuma suka fara gajiya da su, domin labarin ya ɗauki gudu, suna son su san inda zai tsaya.

"Juya, Madan," suka riƙa cewa. "Juya."

A shafi na takwas ya fita bayan kasuwa da gudu yana waiwaye. Sha biyu saura kwata. Hansai ta lashi yatsa ta kama takarda biyu a haɗe ta juya. Hoton da ya fito mutane ne sun kewaye wani abu, suna riƙe da igiya.

"Kin juya biyu," in ji Dassin.

"Takwas ne ɗazu, yanzu goma," in ji Ni'imatullahi, tana nuna lambar da ke ƙasan shafin. Hansai da kanta ta koya musu duba lambar.

Ta tsaya da littafin a hannu. Tana iya cewa shafin ya yage, ko ta rufe ta ce sai gobe. Amma in ta rufe, yara saba'in da huɗu za su juya kunnuwansu ga ƙofa. Ta koma baya ta buɗe shafi na tara ta ɗaga musu. Rabin hoton baƙi ne. A can ƙasa ɗan akuyan yana tsaye cikin taɓo, ya ɗaga kai yana kallon ɗan da'irar haske a sama.

Ba tsoro ne ya kama su ba, murna ce, domin wannan abu ne da suka sani. Wani ya ce ta babansa ta fi wannan zurfi sau goma. Wata ta ce ana ɗaura fitila a goshi, a zauna a kan sanda a jikin igiya, mutum biyu su riƙa juya ƙarfe har ka kai ƙasa. Suka yi ta gasa, kowa yana faɗin gaba nawa rijiyar gidansu take. Tata ta ce Mushe Ɗalhatu, mijin Madan, shi ke gyara injin iska, babanta ya faɗa. Yara suka dubi Hansai su ga ko haka ne. Ta gyaɗa kai.

"Abbana ya ce in ƙasa ya zubo, sai ka buga ƙarfe a jikin bututu," in ji Dassin. "Na sama ya ji, ya san kana nan." Ta ƙura wa hoton ido. "Shi ba shi da ƙarfe. Za a fito da shi, Madan?"

Jakar ta sake kaɗawa a bango. Hansai ba ta waiwaya ba.

"Mu juya mu gani," ta ce.

A shafi na goma mai latas ɗin da kansa ne ya cire riga aka zura shi da igiya. Ta karanta layin da Faransanci, ta buɗe baki za ta faɗa da Hausa, sai inuwa ta tare hasken ƙofa. Mushe Alkassoum ne, da 'yar takarda a naɗe a hannunsa. Yara suka miƙe suka gaishe shi baki ɗaya, ya ce su zauna.

"Dassin," ya ce, "da kai Habibullahi. Ku ɗauko jakunkunanku, an zo ɗaukarku daga gida."

Habibullahi ya taso daga baya ba musu. Dassin ba ta motsa ba.

"Ba a gama ba, Mushe. Saura biyu."

Dattijon ya dubi Hansai. A bayansa, can gindin bedi, tana hango wani mutum mai baƙin rawani a tsaye ya sunkuyar da kai.

"Bar ta ta ga ƙarshe, Mushe," ta ce. "Ba zan daɗe ba."

Ya ja da baya ya jingina da ƙofa, hannunsa a kan kafaɗar Habibullahi. Hansai ta juya. A shafi na sha ɗaya an fito da ɗan akuyan duk jikinsa taɓo, yara suka tafa. A na sha biyu yana tsakar gida, uwarsa tana lasar kunnensa. Ta karanta layin ƙarshe da muryar da ta saba, ba ta yi tambaya ko ɗaya ba, ta rufe. Dassin ta rataya jakarta, ta ce sai gobe Madan, ta fita tana tsalle da ƙafa ɗaya.

Kafin Mushe Alkassoum ya bi su, ya matso kusa da Hansai ya yi ƙasa da murya.

"Maigidanki ba ya cikin waɗanda aka faɗa. Amma ba a gama tono ba."

Sauran minti talatin ɗin ta sa su zana ɗan akuya a allunansu, ta zauna a kan kujera. Da aka buga ƙarfen tashi ba a sake su haka nan ba. Mushe ya tsaya a ƙofa, duk yaron da aka zo nema a miƙa shi hannu da hannu, sauran malamai suka raka waɗanda ba a zo wa ba.

Sai da ajin ya zama wayam ta sauko da jakar. Kira goma sha ɗaya ne, na ƙanwar Ɗalhatu da na innar Hansai daga Matamai da na maƙwabta. Babu nasa. Ta ja mayafi ta nufi tasha a ƙafa cikin tsakar rana. A ƙofar shagon Alhajin mata sun fi hamsin zaune a ƙasa, duk lokacin da wayarsa ta yi ƙara sai kowa ya daina numfashi. An ƙara suna biyu wajen azahar, wata mata da ke kusa da Hansai ta zube, aka ɗauke ta. Hansai ta yi sallar azahar a nan gefen shagon, a kan kwalin da wata ta ara mata.

Ana kiran la'asar saƙon murya ya shigo wayarta daga lambar da ba ta sani ba. Ta kara a kunne. Muryar ta dishe har sai da ta saurara sau biyu ta tabbata ta Ɗalhatu ce. Ya ce ya hau sama ɗauko bel ɗin inji ke nan ƙasa ta tafi, kuma tun lokacin suna tono, sai yanzu ya samu aron waya. Ya ce mutum bakwai ne Allah ya yi wa rasuwa, an fito da huɗu da rai. Ya ce ta gaya wa innarsa yana nan. Hansai ta dubi matan da ke kewaye da ita, ta mayar da wayar jaka. Ta tashi a hankali, sai da ta sha kwana ta bayan shagunan taya sannan ta dafa bango ta yi kukanta.

Ran sadakar uku ta je gaisuwa gidan su Dassin. Uwar tana cikin ɗaki a lulluɓe, 'yan'uwanta suka ce da an gama kwana arba'in za su koma da ita Timiya wajen danginta, har da yaran. Hansai ta yi addu'a ta fito. Dassin tana zaune a bakin zaure, an tsefe mata rabin kitso ba a ƙarasa ba. Hansai ta tsuguna ta kama hannunta.

"Madan, lokacin da kina karanta mana, kin sani?"

"Na san ƙasa ta rufta. Ban san da abbanki a ciki ba."

Yarinyar ta dubi ƙasa ta ce to. Ba ta sake zuwa lakwal ba. Habibullahi ya dawo bayan mako guda, Hansai ta matso da shi sahun gaba.

Ɗalhatu ya iso gida bayan kwana goma sha biyar, farcen hannunsa huɗu sun cire, ba ya iya cin abinci sai da cokali. Hansai ta roƙe shi kada ya koma. Ya ce ya ji. Ya zaga garejin Arlit da na Akokan, ya je har Anu Araren wajen wani tsohon abokin aikinsa, ko'ina aka ce masa ya bar lambarsa. Ya yi Babbar Salla a gida. Kwana biyar bayan Salla ya ɗaure buhun kayan aikinsa da igiya ya ajiye a zaure. Da safe ta dafa masa shayi, ta zuba masa dabino da ƙuli-ƙuli a leda, ta ce ya riƙa zuwa rumfar intanet ɗin kowace Juma'a ko da ba shi da abin faɗa. Ya ce in sha Allahu. Iyakarta bakin ƙofa, ba ta raka shi tasha ba, domin takwas saura kwata ta yi, kuma ranar 'yan ajinta ke fara jarrabawar ƙarshen shekara.